Ranar da Inna Ta Zauna a Ajina

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tunda Inna ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. Idan tana son in ci abinci sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku ce ma wagga tuwonta na hucewa," alhali ga ni tsaye a gabanta, kuma babu kowa a tsakar gidan daga ni sai kaji. Wagga, wato wannan. Da shi na girma. Ƙannena kuwa sunayensu a bakinta suke kwana, har da na tsokana, ta zage su, ta ja musu kunne, su haye mata cinya. Ni ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, wadda ɗakinta ke ƙuryar gidanmu a wani ƙauye na ƙasar Bungudu, gaba kaɗan da Kekun Waje. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, har yabon Inna mata suke yi a kan yadda ta riƙe ta. Amma ina yaro ya san wannan? Na sha laɓewa a bayan rumbu in yi kukana in ƙoshi, in share fuska in fito.

Goggo ce ta tsaya kai da fata sai na yi boko, ta yi faɗa da duk wanda ya kamata ta yi faɗa da shi, har da Baba. Na je jami'a na karanci koyarwa, na yi bautar ƙasa, na dawo gida da kwalina a cikin leda ina ta rawar kai, kamar gwamna zai aiko mota a ɗauke ni. Abin da na tarar ya sa na manta da kwalin. Ƙafafun Inna sun kumbura sun yi suntum, idan aka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Matar da take daka tana waƙa, yanzu daga ɗakinta zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango ta mai da numfashi. Baba ya riga ya kai ta asibiti a Gusau. Likita ya ce zuciya ce, a riƙa kawo ta akai-akai, kuma duk ranar da numfashinta ya sarƙe kada a tsaya jiƙa mata komai, a garzayo da ita.

A garzayo! Daga ina? Daga garinmu sai ka hau babur ka fita titi, sannan ka tsaya jiran mota. Da damina akwai rafi a tsakani, idan ya cika sai ya ga dama ya sauka. Ga shi a shekarun nan da an yi la'asar ba mai shiga hanyar, kowa ya san dalili. Shi ya sa na ƙudura abu ɗaya a raina: in samu aikin koyarwa a Gusau, in samu ɗaki, in ɗauko Inna in ajiye ta kusa da asibiti. Ban iya faɗa mata ba, ba mu saba ba. Na faɗa wa Goggo, Goggo ta kai mata, ta dawo mini da amsa. "Ta ce Allah shi ba da sa'a."

Kira na farko daga wata makarantar kuɗi ya zo, a Gusau. Wata ƙawata 'yar birni da muka yi bautar ƙasa tare ta turo mini irin tambayoyin da ake yi a intabiyu, sai da na hau tudun bayan gari kafin saƙon ya shigo wayata. Faɗa mana ko ke wace ce, me ya sa kike son koyarwa, yaya za ki yi da yaro mai taurin kai. Na haddace amsoshin da Turanci tsaf. Ina jan guga a rijiya ina yi, ina tankaɗe ina yi, har Goggo ta ce ko dai aljanu ne suka shige ni, kuma ga alama Turawa ne. Na goge atamfata da dutsen guga na gawayi, na wanke hijabi, na yi sammako.

Da aka kira ni na tura ƙofa, sai ga dattawa jere a bayan tebur, na tsakiyar da farin gemu irin na Baba. Wallahi ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofa ba. Gwiwoyina ne suka yi abinsu, ba su yi shawara da ni ba. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyali. Suka ce in tashi in zauna a kujera. Na ɗosana a gefenta, kaina a ƙasa. Duk Turancin nan da na cika rijiyarmu da shi, ya dawo raɗa. Can sai mai gemun ya ce, "Malama, da mu kike magana ko da yatsun ƙafarki?" Sauran suka yi dariya. Suka ce in tafi, za su neme ni. Har yau suna nemana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ba shiru-shiru ba ce. A ɗakin kwananmu na jami'a ba wadda take ja da ni a gardama, bakina ake tsoro. Yara kuwa da na yi koyarwar gwaji har rububina suke. Amma da babba ya zauna a gabana sai wuyana ya karye da kansa. Haka aka raine mu, yarinyar da take kallon tsabar idon babba ai marar kunya ce, wa zai aure ta? An kwashe shekaru ana danna mini kai ƙasa, yanzu kuma rana ɗaya ana so in ɗaga shi, kuma abincina ya rataya a kai. A motar komawa na zazzage haushina a kan wani bawan Allah da ya taka mini ƙafa, har sai da fasinjoji suka ba ni haƙuri.

Na biyun a Tsafe ne. Ba nan nake so ba, amma na ce in na samu ko ba komai na fito titi. Motar Tsafe da surutu take tashi daga tasha, sai dai akwai wuraren da in an kai kowa yake yin tsit, direba ya taka mai, leɓuna na motsi da addu'a, sai an hango masu talla a bakin hanya sannan a saki numfashi. A makarantar ba su yi dogon zance ba, suka miƙa mini alli suka ce in shiga aji in koyar su gani. Yara na gaba, hedimasta da manyan malamai suka jera kujeru a baya. Na ce a raina yau kam ba zan kalli ƙasa ba. Ban kuwa kalla ba. Allo na kalla. Na juya musu baya na koyar da allon nan darasi tun daga farko har ƙarshe, na cika shi da rubutu mai kyau.

Hedimastan mutumin kirki ne, ya biyo ni har bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗiyata, karatu kam kin san shi. Amma tun da kika fara ƙeyarki muke kallo. Na san tarbiyya ce, Allah ya saka wa iyayenki. Sai dai a aji malami ba ya ɓoye fuska." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ja hijabi na rufe fuska a mota na yi ta kuka. A bakin titi na sayi lemo saboda Inna, da na isa gida na ba Goggo ta miƙa mata.

Damina ta kankama lokacin da ƙawar nan tawa ta kira ni da labari. Wata makarantar kwana ta 'yan mata a Gusau tana neman malama wadda za ta zauna a ciki, kuma za a ba ta ɗaki. Daga ƙofar makarantar zuwa asibiti tafiyar keke ce 'yar kaɗan. Na ji kamar don ni aka gina ta. Amma ta ce in shirya, mai makarantar wata Hajiya ce da ba ta wasa, da kanta take zama a bayan aji, kuma ta taɓa tsayar da wani a tsakiyar gwaji ta ce ba ta ɗaukar malamin da sai an kasa masa kunne.

Na mai da bangon rumbu allo, gawayi ya zama alli. Kullum bayan la'asar in zaunar da Goggo a kan turmi in yi ta koyar da ita yadda ruwan sama yake samuwa, don shi na zaɓa in koyar. Ina tafasa ruwa a ƙaramar tukunyar Inna, in kifa murfi a kan tururin, in ɗaga in nuna mata ɗigon da ya taru.

"Ke, Allah ka saukar da ruwa, ba tukunya ba," in ji Goggo.

"Allah ne, Goggo, wannan ai sababi ne kawai."

"To Allah shi kyauta. An kai yarinya boko ta dawo tana dafa hadari."

A gaban Goggo ba abin da ban iya ba, murya tar, ido a tsaye, har tsawa nake daka mata in ta fara gyangyaɗi. Wata rana sai ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Ɓata lokacinki kike da ni. Ni da kike hawa kaina tun kina goye, wace kunyata za ki ji? Duk duniya wa kinka fi jin nauyi?" Na dubi ƙofar ɗakin Inna. Ta ce, "To ita za ki koya ma. In kin iya kallonta kin iya kallon kowa."

Na ce, "Haba Goggo, ke ma kin san ba mai yiwuwa ba ne." Ko saurarata ba ta yi ba, ta ɗaga labulen ɗakin Inna ta shige. Ina jiyo su ƙasa-ƙasa. Inna na cewa, "Subhanallahi, Yaya, mi mutane za su ce?" Goggo ta ce, "Mutanen ne za su ba ta aiki?" Aka yi kwanaki ba abin da ya faru, har na cire rai.

Wani yammaci ina koyar da bango ni kaɗai, sai na ji jan ƙafa a bayana. Inna ce, da 'yar kujerarta a hannu ɗaya, faifan wake a ɗayan. Ta ajiye kujerar nesa kaɗan, ta zauna a karkace, ta shiga tsince wake kamar abin da ya fito da ita ke nan. Goggo ta fito ta kori kowa waje ta tura ƙyauren zaure. Na fara, idona a kan tukunya. Ita ma nata a kan wake. Goggo ta dube ni ta dube ta, ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Malama na kallon ƙasa, ɗaliba na kallon ƙasa, ko darasin tururuwa ne yau?" Na ga kafaɗar Inna ta ɗan motsa, dariya take dannewa.

Haka muka yi ta yi. Kullum tana fitowa, ko da ranar da numfashin ya matsa mata, ta jingina da bango. Goggo ta koya mata yadda yara ke ɗaga hannu in suna da magana, tana yi tana tsokanarta wai tsofai-tsofai da ita an sa ta aji ɗaya. Inna ta ci gaba da tsince wakenta.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe, tsakar gida duk danshi. Ina tsakiyar bayani, kaina a sunkuye, ina yi wa tukunya magana kamar kullum, sai na ji an ce, "Malama."

Na waiga wajen zaure, na zaci baƙuwa ce ta shigo.

"Malama, ba mu ji ba. Ɗago kanki."

Inna ce. Hannunta na dama a sama, yatsa ɗaya a miƙe, kamar yadda Goggo ta nuna mata. Na ɗago. Shekara ashirin da ɗoriya ina gidan nan, ban san akwai ɗan tabo a ƙarƙashin idonta na hagu ba. Ban san idanuna nata ne na kwaso ba, mutane suna faɗa amma ban taɓa samun damar dubawa ba. Ita kuwa ta damƙe gefen faifan har wake na zubewa, zufa na tsattsafo mata a goshi, amma ba ta kau da kai ba. Na sake darasin daga farko, cikin idanun nan na koyar da shi gaba ɗaya. Da na ɗaga murfin ta leƙo ta ga ɗigon ruwa, ta sake ɗaga yatsa.

"Malama, to ruwan da munka gani bara, shi ka dawowa bana?"

Na ce, "Shi ne, Inna." Ta jinjina kai ta ce, "Allah mai iko."

Ban taɓa farin ciki irin na ranar nan ba, kuma ban taɓa jin haushi irin nata ba, haushin duk shekarun da aka hana ni fuskar nan. Ina ajiye gawayi kuwa ta juya kai gefe ta ce, "Yaya, ki ce ma wagga ta kwashe mani tukunya." An tashi daga aji, na koma wagga. Daga ranar na koyi jan darasi. Abin da za a gama kafin ruwa ya huce sai in yi ta maimaita shi har a kira magariba, in yi tambaya, in sake tambaya, don dai ta ɗaga yatsan nan ta ce Malama. Goggo ta gane ni sarai, amma karon nan ba ta tsokane ni ba.

Ranar tafiya Goggo ta miƙo mini wani abu naɗe a tsohon ɗankwali. "Ta ce ki tafi da shi, wai shi kinka saba da shi." Murfin tukunyar ne. Na cika filas da ruwan zafi, na hau babur.

Hajiyar tana nan kamar yadda aka faɗa, a bayan aji, tabarau a kan hanci, ko murmushi babu. Na gaishe ta a tsaye, takalmina a ƙafata. Da na ɗauki alli sai na ji wuyana ya fara halinsa, yana saukowa a hankali. Sai na ji muryar nan a kunnena, ɗago kanki. Na ɗago na dubi Hajiya, na ce a raina, baiwar Allah, ke ba ki haife ni ba, ni da na kalli Inna wace ce ke? Na zuba ruwan zafi a kwano, na kifa murfin Inna, na ɗaga, 'yan mata suka yi caa suna miƙo wuya. Na yi tambaya, hannuwa suka tashi. Har aka kaɗa ƙararrawa Hajiya ba ta tsayar da ni ba.

A ofishinta ta yi mini tambayoyin nan da na haddace a bakin rijiya, na amsa ina kallonta. Da ta ce ko ina da abin cewa, na ce mata gaskiya ɗakin ne ya kawo ni, mahaifiyata ba ta da lafiya, ina so ta zauna tare da ni. Ta cire tabarau ta ce, "Wa zai hana uwa? Ki zo da ita." A harabar makarantar na durƙusa na yi sujada, ban damu da masu kallo ba.

Ɗakin ɗan ƙarami ne amma yana da taga mai iska. Na share, na wanke, na jawo gadon kusa da tagar. Likita ya taɓa cewa kada ta riƙa kwanciya a shimfiɗe, kanta ya fi ƙirjinta tudu, don haka na roƙi bulo a wajen masu gini na sa a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai. Ni na shimfiɗa tabarma a ƙasa. Sannan na tafi ɗauko ta.

Goggo ta shiga ta fito. "Ta ce a bari a cire gero." Na koma aiki. Aka cire gero na dawo. "Ta ce a bari dawa ta shiga rumbu." Dawa ta shiga rumbu, aka ce a bari sanyi ya wuce. A nan haƙurina ya ƙare. Na sami Goggo a ɗakinta na ce yau sai an faɗa mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce, ita da ko taɓarya ba ta iya ɗagawa me ya haɗa ta da dawa?

Goggo ta jawo ni ta zaunar. Ta ce, "Ba ta zuwa. Ta kwanta ɗakinki, ki ɗaga ta, ki kai ta bayan gida, ki wanke mata jiki? Ɗiyar farinta? Ta ce gara ta mutu nan."

Na ce, "To me ya fito da ita ta zauna a ajina, in ta san ba za ta zo ba?"

"Don ki samu aiki mana. Tun ranar da na shiga ɗakinta ta hwaɗa mani ba ta zuwa, ta ce kar in gaya maki sai kin samu. Ita ba ɗaki ta gani ba, ke ta gani kina dawowa ido jajir."

Na ce to Goggo ta biyo mu ita ta riƙa jinyar, ko ƙanwata, ni ko ruwa ba zan miƙa mata ba, in ma ana so a aji zan riƙa kwana. Goggo ta yarda. Baba ya sa baki, har faɗa ya yi. Amsar ɗaya ce, ɗakin ai na wagga ne. Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba in ba a lokacin darasi ba, na je bakin ƙofarta na durƙusa na yi mata magana kai tsaye. Na ce, "Inna, don Allah don Annabi. Saboda ke na yi duk wannan." Ta juya fuska ga bango. Can ta ce, "Yaya, ki ce mata ta koma bakin aikinta kar su kore ta."

Na tsani kunyar nan a ranar, kuma ba zan ɓoye ba, har gobe ban yafe mata ba. Mace ta iya danne ta don ɗiyarta ta samu abinci, amma ba ta iya danne ta don ranta ba. Na yi fushi da Inna, na yi fushi da matan da suke yabonta, na yi fushi da Goggo da ta riƙe maganar ta bar ni ina ɗora gado a kan bulo. Duk da haka duk ranar ganin likita ina tasha ina jiransu. A gama, su juya a ranar kafin la'asar. Sau ɗaya na sa mai keke ya bi da mu ta ƙofar makarantar, na ce, "Goggo, ga inda nake." Inna ta ɗan leƙa ta mai da kai. Ta ce, "Gini mai kyau."

Da damina ta zagayo, wata safiya ina aji Baba ya kira. Numfashin ya sarƙe tun asuba, an kwana ana ruwa, rafi ya cika ya batse, babur ba ya wucewa. Ban san yadda na isa titin garinmu ba. A bakin rafin wasu maza suka riƙe ni hagu da dama muka ratsa, ruwa har ƙirji. Ina ratsawa na san ba mai iya haye da marar lafiya ta nan. Asibiti na can, ɗakin na can, gadon na can kusa da taga, mu kuma muna nan.

Na same ta a jingine a jikin Goggo, an tara mata matasai, ƙirjinta na hawa da sauka da ƙyar. Na zube a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, na kifa kai a gwiwa ina kuka. Ban iya ƙarasawa ciki ba, ban saba ba. Sai na ji Goggo ta ce, "Ke, dubi." Hannun Inna ne ya ɗan taso daga kan zani, yatsa ɗaya a miƙe.

"Malama."

Na ce, "Na'am, Inna," kaina a ƙasa.

"Ɗago kanki."

Na ɗago. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ba ta ce wa Goggo ta faɗa mini komai ba. Na ja gwiwa na matsa har na kama hannun, ba ta janye ba. Kafin rafin ya sauka ta cika.

Ina nan a makarantar har yanzu. Daga safe zuwa yamma 'yan mata na kirana Malama, wani lokaci wata ta ɗaga yatsa daga baya ta ce ba su ji ba, sai in tsaya in nemi inda na tsaya. Duk shekara ina koyar da darasin ruwan sama da murfin nan, ban mayar da shi gida ba, ba wanda ya tambaya. Sunana kuwa ban taɓa jin yadda zai fito a bakinta ba, kuma ba zan ji ba. Na naɗe tabarmar na koma kan gadon. Kullum in na kwanta sai in yi ta zamewa wajen ƙafa, abokan aiki sun sha cewa in cire bulon nan in huta. Na kasa.